Alkawari Kaya Ne: Tambaya Ga Masu Neman Karatu Mai Zurfi

 Ga wata tambaya da na ke so mu duba tare, domin ta shafi yaran da ke shirin tafiya, ta kuma shafi manyan da za a bari a gida. Yaro ne ya rubuta wa masu ba da tallafin karatu cewa shi ɗan zango ne, ya ba su labarin wahalar unguwarsu, ya yi alkawari in ya gama zai komo ya yi mata aiki. Suka karanta, suka gamsu, suka ba shi. Ya tafi, ya ƙoshi da ilmi, sa'an nan bai komo ba. To, me za mu kira shi? Maƙaryaci ne, ko mai wayo, ko kuwa mutum ne da zamani ya fi ƙarfinsa? In akwai bashi a kansa, wa ke binsa, da me kuma zai biya?

Kafin mu shiga, ya kamata a yi wa iyayenmu bayanin wannan karatu, don uba ya kan ce, "Ashe ba ka gama jami'a ba? Wane karatu kuma ya rage?" Abin da yaro ya ke yi shekara 4 a Legon, ko Kumasi, ko Tamale, shi ne digiri na farko, watau an ɗura masa abin da waɗansu suka riga suka sani. Bayan ya yi shekarar bautar ƙasa, in yana so, sai ya nemi digiri na biyu. A Ingila galibi shekara 1 ce. A Legon kuwa akwai na shekara 2, ɗaya ta zaman aji, ɗaya ta bincike. Daga nan sai digiri na uku, wanda a ke kiran mai shi Dokta ko da bai taɓa riƙe allura ba. Wannan ya kan ci shekara 3 ko 4 a Ingila, 5 ko 6 a Amurka. A nan ba a tambayar ɗalibi abin da ya haddace. Ana so ya kawo wani abu da ba wanda ya sani kafin shi, ya rubuta shi kundi guda, ya zauna gaban manyan malamai su yi ta jifansa da tambayoyi har su gamsu. Dattawanmu ba baƙin wannan hanya ba ne. Wanda ya yi sauka ba a cewa ya gama karatu. A lokacin ne ya ke ɗaukar littattafai, yana bin zauren wannan malami zuwa na wancan, har a ba shi ijaza da salsalar waɗanda ilmin ya biyo ta hannunsu.

Neman gurbin kuwa aiki ne na wata da watanni. Sai an tara takardun sakamako, da wasiƙu biyu ko uku daga malaman da suka san yaro, da jarrabawar Turanci irin su IELTS ko TOEFL in an bukata, da kuɗin fom, da tsarin binciken da ya ke so ya yi. Da ya ke kuɗin makarantun nan sun fi ƙarfin gidajenmu, mafi yawa sai da tallafi: na Fulbright da Amurka ta kafa a 1946, ko na Commonwealth da aka fara a 1959, ko na Chevening da Ingila ta kawo a 1983, da makamantansu. Duk waɗannan uku da sharaɗin komawa gida su ke bayarwa. Chevening ta ce sai ka koma ƙasarka ka yi aƙalla shekara 2 bayan gamawa, bizar da a ke ba mai Fulbright ma tana ɗauke da sharaɗin shekara 2. A cikin takardun nan duka, wadda ta fi nauyi ita ce wadda yaro zai rubuta da kansa, ya faɗi ko shi wane ne, da abin da ya sa ya ke neman karatun, da abin da zai yi da shi.

To, a nan maganarmu ta ke. Duk wanda ya taɓa duba wa ƙannensa irin wannan takarda ya san abin da a kan samu a ciki. Za ka ga babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Za ka ga kwalarar 2014, wadda ta kashe fiye da mutum 200 a ƙasar nan, mafi yawan waɗanda suka kamu kuwa a Ankara da kewayenta su ke. Za ka ga ambaliya da gobarar ranar 3 ga Yuni 2015, da suka ci fiye da rai 150 a dare ɗaya. Za ka ga ɗaki ɗaya da mutum goma, da 'yan matan da ke talla lokacin da tsararrakinsu ke aji. Sa'an nan a ƙarshe ga alkawari: zan koyo ilmin magudanan ruwa, ko na lafiyar jama'a, ko na shari'a, in komo in share wa unguwarmu hawaye. Abubuwan nan duk gaskiya ne, ba wanda ya ƙaga su. Amma mu tambayi kanmu, mallakar wa ne? Matar da ɗanta ya mutu da kwalara, da mai shagon da ruwa ya kwashe masa jari, su ne masu labarin. Yaro ya ɗauki abin da ke na jama'a ya ba da shi jingina, ya karɓi abin da zai amfane shi. Jingina da kayan wani halal ce in mai kayan zai ga fansarsu. In kuwa ba ranar fansa, sunanta cin amana.

Akwai kuma wani mai bin bashi da ba a ganinsa. Gurbi ɗaya mutane da yawa ke nema. Sa'ad da aka ba wannan, an hana wani, wataƙila yarinya ce daga Asawase, ko yaro daga Wa, wanda bai iya tsara magana kamarsa ba, amma da shi aka ba da ya komo. Wannan bai san an ci haƙƙinsa ba, balle ya yafe.

Yanzu mu ba wanda a ke ƙara dama ya yi magana, don ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Hujjarsa ta farko ita ce, "Kowa haka ya ke rubutawa. Su kansu masu karantawa sun san ado ne, abin da kunnensu ke so ne muka ba su." Wannan hujja ba ta da ƙafa. A kasuwa, in mai kaya ya ce sidi 100, mai saye ya taya 40, ba wanda ya yi ƙarya, don dukansu sun san taye ne. Takardar da ka sa wa hannu, aka kuma ba ka dukiya a kanta, ta wuce taye. Ban da haka, mu tuna da abin da aka kafa zango a kansa. Falke ya kan taso daga Kano ko Katsina ya yi watanni a hanya, ya iso Salaga, ya sauka gidan mutumin da bai taɓa gani ba, ya danƙa masa kaya da kuɗi, a yi cinikin goro bashi, ba takarda ba shaida, sai magana kurum. Ranar da maigida ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Hausa, ayari kuma ba zai sake sauka ƙofarsa ba. Jarin kakanninmu ke nan. Yaron da ya rubuta sunan zango a kan alkawarin da tun farko bai yi niyyar cikawa ba, daga wannan jari ya ke ci, kuma na bayansa ne za su tarar da rumbu wayam.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ya kamata mu saurare ta da kyau. Ya ce, "Ranar da na rubuta, da gaske na ke. Abubuwa ne suka sāke." Wanda bai yi zaman nan ba ba zai san abin da ke cikin wannan magana ba. Mu a gida hoto mu ke gani, ga yaro cikin babbar riga tsaye a kan dusar ƙanƙara yana murmushi, sai mu ce ya ji daɗi. Ba mu ganin ɗakin da ya ke kwana, wanda hayarsa ke cinye mafi yawan alawus ɗinsa. Doka ba ta barin ɗalibi ya yi aikin kuɗi fiye da sa'a 20 a mako lokacin karatu, a Ingila ko a Amurka, saboda haka abin da ke shigowa ƙidayayye ne. Tun Janairu 2024 kuma, mai digiri na biyu na zaman aji a Ingila, in ba gwamnati ta ɗauki nauyinsa ba, ba shi da izinin tafiya da iyali. Ya kan yi azumi a ƙasar da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 in watan ya faɗo a bazararsu, ya sha ruwa shi kaɗai a laburare. Rayuwarsa duka tana rataye ga malami ɗaya mai duba aikinsa: in na kirki ne, ya zama uba, in mai shiririta ne, babi ɗaya sai ya yi wata 3 a kan tebur ba a buɗe ba. Gwajin da ya kwashe shekara yana yi ya kan lalace a mako guda. Tsararrakinsa a gida sun yi aure, sun haihu, sun fara gini, shi har yanzu ɗalibi. A cikin wannan hali waya ba ta daina ƙara: kuɗin asibiti, kuɗin makarantar ƙane, suna, biki, rufin ɗaki.

Ranar da ya gama kuwa, sai ya duba gida ya ga na'urar da ya ƙware a kanta babu irinta inda zai koma, ko ya rubuta takardun neman aiki ya ji shiru, ga shi 'ya'ya sun zo, sun shiga makaranta can. Wannan mutum ba maƙaryaci ba ne, kuma zalunci ne a haɗa shi da na farko. Ƙarya tana ga niyya ranar da aka yi magana. Amma fita daga sunan maƙaryaci ba ta fitar da shi daga sunan mai bashi. Wanda ya ci bashi da niyyar biya, fari ya cinye gonarsa, a kan yi masa jinkiri har ya sami hali. Ba a cewa tun da damina ta ƙi, gero ya zama kyauta. Uzuri ya kan ɗaga ranar biya ne kurum. Haɗarin da ke kan irin wannan mutum shi ne shekara ta bi shekara, kunya ta hana shi tuna maganar, har ya wayi gari ya manta ya taɓa yin ta.

Hujja ta uku ita ce, "Ai ina aika kuɗi kowane wata." Madalla, Allah ya yi albarka, gidaje da yawa da wannan su ke tsaye. Sai dai wannan haƙƙin iyaye ne, yana kan kowane ɗa, mai digiri da marar digiri. Ɗan'uwanmu mai tuƙa tasi a Bronx shi ma yana aikawa, wani lokaci ma fiye, alhali bai taɓa rubuta wa kowa alkawari ba. Abin da ka ambata a takarda ilmi ne, kuma unguwa ka ambata. Wanda ya ari doki ba ya mai do da jaki ya ce ai duk abin hawa ne.

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa, zango ya rasa masu ilmi ne? Malaman addini kam muna da su, masu kasuwa ma haka. Inda mu ke da gibi shi ne inda a ke magana da alƙaluma da dokoki. A Nuwamba 1969 aka fitar da dokar baƙi, aka ba wanda ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Dubban mutane suka kwashe, da yawansu a nan aka haife su, aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Dattawan da suka ga wannan rana sun san darajar ɗan gida wanda ya san doka ciki da bai. Littattafan da jami'o'in duniya ke karantawa a kanmu, mafi shahararsu baƙi ne suka rubuta: Enid Schildkrout ta yi na zangon Kumasi a 1978, Deborah Pellow ta yi na Sabon Zangon Ankara a 2002. Ba laifinsu, sun zo, sun zauna, sun yi aikinsu. Amma har yaushe za a riƙa ba da labarinmu da bakin wani? A 2017 majalisa ta kafa asusun raya zanguna. Asusu kuwa takarda ne, sai an sami wanda zai zauna ya ce ga unguwar da ta fi bukata, ga lissafin, ga dalili. Irin wannan ilmi farilla ce ta kifaya: in waɗansu sun ɗauka sun sauke wa saura, in kowa ya bari laifin na kowa ne. Wanda aka ba gurbi da sunanmu, shi ne wakilinmu a wannan farilla, ko ya sani ko bai sani ba.

To, shin biyan bashin nan sai da komowa da jiki? A nan ya kamata mu yi hankali da bakinmu, domin mu mutanen zango mu ne na ƙarshe da za su zargi mutum don ya yi baƙunta ya zauna. Kakanninmu daga Kano, da Sakkwato, da Barno, da ƙasar Zabarma, da ta Mosi suka zo, da yawa da niyyar su sari goro su juya, ga shi jikokinsu ne ke karanta wannan takarda. Alhaji Umaru na Karaci a Kano aka haife shi, ya yi yawon neman ilmi, ya zo Salaga, ya zauna Karaci har ya rasu a 1934. Ba wanda ya ce ya ci amanar garinsu, don ƙofarsa a buɗe ta ke, almajiransa suka watsu ko'ina, rubuce-rubucensa na Larabci da Hausa suka je inda ƙafarsa ba ta je ba. Cikin littattafansa ma har da wanda ya yi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. A ɗaya gefen ga Kwame Nkrumah. Ya tafi Amurka a 1935, ya yi karatu a Lincoln da Jami'ar Pennsylvania, ya sayar da kifi a Harlem, ya yi aiki a jiragen ruwa don ya ci abinci, ya wuce Landan a 1945. Da aka kira shi a 1947 sai ya komo, bai ƙarasa digiri na uku ba; Doktan da a ke kiransa na girmamawa ne, Lincoln ta ba shi a 1951. Ɗaya ya zauna inda ya je, ɗaya ya komo ba tare da takardar ƙarshe ba, amma dukansu ilminsu ya isa ga mutanen da ke bukatarsa. Wannan shi ne ma'auni.

Saboda haka, wanda ya sa hannu kan sharaɗin shekara 2, ya zo ya yi su, babu wata dabara a nan. Bayan wannan, wanda hali ya tsare can, hanyoyin biya suna da yawa, zamani ma ya sauƙaƙa su. Ya sa kwatar da ya ambata a takarda ta zama abin bincikensa na gaske. Ya kawo kundinsa gida, ya juya shi da Hausa, ya faɗa wa mutanen da ya yi wa tambayoyi abin da ya gano, a makaranta ko a rediyo ko a ƙofar mai unguwa. Ya haɗa hannu da malaman Legon ko Kumasi ko Tamale, ya duba aikin ɗalibansu. Kowace shekara ya ɗauki yara biyu ko uku ya bi da su hanyar neman gurbi tun daga fom har biza, kyauta, ba sai 'ya'yan ɗakinsu ba. Wanda ke yin haka ya komo, ko da a Kanada ya ke kwana. Wanda kuwa ya sauka filin jirgi, ya gina gida a bayan gari, ya sa mai gadi, yaron unguwa ba ya iya ganinsa, wannan har yanzu yana can.

Iyayenmu dattawa, ku yi mini gafara, akwai kason da ke kanku. Ɗalibi ba attajiri ba ne. In kowane mako sai an aika masa da bukata, to, ana koya masa cewa amfaninsa kuɗi ne, kuma zai zauna inda kuɗin su ke. Wanda ya komo kuma, kada a tare shi da "Me ka zo yi, kowa na neman hanyar fita?" In ya kawo shawara a taro, kada a ce yaro ya zama Bature. Yarinyar da ta ce tana son digiri na biyu, a zauna da ita da mai nemanta a tsara yadda aure da karatu za su tafi tare, don asibitocinmu da makarantunmu suna bukatarta. Ba daidai ba ne mu rufe ƙofa, sa'an nan mu zargi wanda bai shigo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma samari da 'yan mata masu shirin rubutawa bana, ga shawara mai sauƙi. Kafin ka aika da takardar nan, juya ta da Hausa, ka karanta ta a gaban mahaifiyarka, ko malaminka na allo, ko mai unguwa. Duk jimlar da harshenka ya yi nauyi wajen faɗinta a gabansu, goge ta. In labarin wahalar maƙwabci ne, nemi izninsa. In ba ka tabbata za ka komo ka zauna ba, kada ka nemi tallafin da ya shar'anta haka, akwai waɗansu hanyoyi. Rubuta abin da ka san za ka iya, ko da kaɗan ne. In kuwa gaskiyar magana lissafi ka ke so, ko ilmin taurari, don daɗin sani kawai, faɗi haka ba tare da kunya ba. Son ilmi dalili ne mai zaman kansa, ba ya bukatar a jingina masa talaucin kowa. Ƙaramin alkawarin da aka cika ya fi babban da aka bari a cikin fayil.

Amsar tambayarmu ke nan, gwargwadon abin da na gani. Wanda ya rubuta ba da niyya ba, ya yi ƙarya, ya nemi gafara, ya fara biya. Wanda ya rubuta da niyya hali ya tsare shi, mai bashi ne, a yi masa uzuri, shi kuma kada ya yi wa kansa da yawa. Masu bin bashin su ne mutanen da ya ambata, da wanda aka hana dominsa, abin biya kuwa ilmin da ya samo. Masu wani gani dabam, shafin nan a buɗe ya ke, a rubuto mu ƙaru. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya sauƙaƙa wa waɗanda ke baƙunta, ya sa mu cika abin da bakinmu ya ɗauka. Amin. Haza wasalam.